Gwangwanin Jan Farcen Anti Hilda

Asabar, 8 ga Maris, 1975, da la'asar

Yau watana biyu cif a Gombe. Da zan baro Kaltungo Mama ta ce, Selina, ki riƙa rubuta abin da kike koyo a gidan ƙanwata, kada ki dawo mana da surutun birni kawai. To ga shi na fara.

Abin da aka turo ni koyo shi ne buga tafireta. Da safe ina makarantar koyon bugu a Sabon Layi, da yamma Anti Hilda ta duba abin da na yi. Amma in don gaskiya ne, hannunta na fi kallo. Shekararta goma sha ɗaya tana bugu a kamfanin nan mai sayar da siminti da kwanon rufi. Tun da aka ƙara albashi kowa gini yake yi, wasiƙu sun yi mata yawa, amma in ta hau tafireta sai ka ce kaji ne suka sami gero. Ba ta kallon maɓallai ko kaɗan. Faratanta gajeru ne, a zagaye, kullum a shafe. Ta ce mai dogon farce ba ta yi niyyar aiki ba.

Ranar Asabar ce ranar jan farce. Tana da wani gwangwanin biskit da take ajiyewa a bayan randa, don zafin garin nan yana sa jan farce ya yi kauri kamar kunu. Kwalba goma sha bakwai ne a ciki. Ruwan hoda na ofis ne. Ja wur na Lahadi. Ruwan hanta na ranar da take son a san ta iso. Akwai wani ruwan goro da ta saya a Kano ta yi nadama, ta ce yana sa hannu ya zama kamar na mai sayar da manja.

Ba a girgiza kwalba, mulmula ta ake yi a tafin hannu. Burushi sau uku yake taɓa farce: tsakiya, dama, hagu. In ka ƙara na huɗu ka ɓata. Ni ko na ɗaya ban iya ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan sujada

Jiya ta yi zanen da take kira zabuwa: ruwan hanta a ƙasa, sai ta fiƙe tsinken ashana ta tsoma a fari, ta yi ɗige-ɗige. Duk ɗigon girmansu ɗaya. A coci matan zumunta sun yi ta kama hannunta suna juyawa.

Ta tambaye ni lambar waƙar da aka rubuta a allo. Muna layi na biyu ne. Da na faɗa mata ba ta ma buɗe littafi ba, ta rera baiti biyar da ka. Wa zai iya haka?

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Adda Jumma ta shigo da ƙwaryar nono. Maƙwabciyarmu ce, Bafulatana, katanga ɗaya ta raba mu. Ita lalle take yi, don jan farce yana hana ruwan alwala shiga. Amma duk wata, kwanakin da ba ta salla, sai ta zo ta miƙe ƙafa ta ce, "Maman gida, yau ranata ce, a yi mini na 'yan boko."

Ta zaɓi ja wur. Anti ta ce ba zai hau da ragowar lallenta ba, ta ba ta ruwan zuma. Kuma haka ne, da aka shafa sai hannun ya fito. Anti tana kallon fatar mutum sau ɗaya ta san launin da zai karɓe shi.

A yatsa biyu burushin ya hau fata. Adda Jumma ta dubi yatsun, ta dube ni. Na tashi na ce zan duba tukunya.

Zafi ne. Kowa hannunsa yana santsi a wannan zafin.

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Anti ta zuba shayi a gefen kofi. Na goge tebur.

Asabar, 15 ga Maris, da la'asar

Ta ce yau ruwan hoda za ta sa, mai sauƙi. Ta sa hannu a gwangwani ta ɗauko ruwan goro. Kwalaben iri ɗaya ne, murfinsu ma ɗaya. Ina zaune ina kallo ta shafe yatsu goma. Ta miƙo mini su ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi kyau, Anti."

Ban san me ya riƙe mini baki ba.

Lahadi, 16 ga Maris, da azahar

Baba Timoti, mijin Anti, ya dawo. Aikin gadi yake yi a jirgin ƙasa, sai ya yi kwana huɗu ko biyar ba ya gida. Yana wanke hannu zai ci tuwo ya ce, "A'a, Hilda, yau mai manja ce a gidan?"

Anti ta tsaya da ludayi a hannu. Tsayuwar ba ta kai a ƙirga uku ba. Sai ta yi dariya ta ce, "Kai da ba ka san ja da baƙi ba, yau ka zama alƙali? Canji nake so."

Da ya fita wurin abokansa ta ce in kawo gwangwani da zaren ɗinki. Ta ce, "Ki riƙa miƙo mini ɗaya ɗaya kina faɗin launinsa." Ina faɗa tana ɗaura zare a wuyan kwalba tana ƙulli. Ruwan hoda ƙulli ɗaya. Ja biyu. Ruwan hanta uku. Fari ba zare. Da ƙullin ya yi yawa sai ta koma ɗaura ulu, sannan tsumma. Bayan mun gama ta juye su a tabarma ta cakuɗa, ta ɗauko su tana shafa wuyansu tana kiran sunan kowanne. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ba ta tambaye ni dalilin da na ce ya yi kyau ba. Gara ma da ta zage ni.

Alhamis, 20 ga Maris, tsakar rana

Kwana huɗu ke nan tana dawowa gida cin abincin rana da takardu a jaka. Rubutun hannun manajansu ne, Mista Ernest, wasiƙun da za ta buga da yamma. Ta ce rubutunsa ya lalace, kamar tafiyar tsutsa, in karanta mata. Rubutun ba abin da ya same shi.

Ina karantawa sau biyu, tana cin abinci tana jinjina kai. Sai ta maimaita mini daga farko har ƙarshe, da adireshi, da lambar mota, da yawan buhunan siminti. Yau wasiƙa shida ta haddace kafin ta gama shinkafarta. Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta koma ofis a ƙafa cikin ranar nan, kanta a miƙe.

Ban taɓa ganin mutum irinta ba. Na rubuta wannan don kada in manta.

Asabar, 22 ga Maris, da la'asar

"Yau ke za ki yi mini," in ji ta. "Hannun da zai buga tafireta ya kamata ya koyi natsuwa."

Na ɗora hannunta a gwiwata. Ta ce in kafa ƙaramin yatsana a kan nata, shi ne zai zame mini sanda. Ta ce in share burushi a bakin kwalba gefe ɗaya kawai. Ta ce kada in riƙe numfashi, mai riƙe numfashi shi ne hannunsa ke rawa. Ko da na sa burushi na huɗu a babban yatsa, ta ji. Ta ce, "Selina, nawa na ce?"

Ta ji a farcenta! Na goge na sake.

Talata, 25 ga Maris, da safe

Ta yi karo da bokitin da na bari a ƙofar kicin. Daga yau komai yana da wurinsa.

Lahadi, 30 ga Maris, Ista, da yamma

Jiya na yi mata furen auduga. Ita ta tsara shi da baki: ja a ƙasa, ɗigo huɗu farare a haɗe, ɗigo ɗaya ruwan ƙwai a tsakiya, a yatsan zobe kaɗai, don in aka yi wa duka ya zama hauka. Sau biyu ina gogewa.

A coci wata mata ta ce, "Hilda, hannunki ba ya tsufa." Na zaci za ta yi shiru ta karɓi yabon. Sai ta jawo ni gaba ta ce, "Aikin 'yata ne. Ku riƙa kawo mata hannuwanku."

Ta yi rawa a zumuntar mata har gumi ya jiƙa mata riga. Da za mu sauko matakala ta riƙe kafaɗata kamar wasa take yi.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Adda Jumma ta tare ni a bakin famfo. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Idon ne ko?"

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Yarinya, ni na yi kiwon shanu. Na san tafiyar saniyar da ke bin ƙarar 'yan'uwanta. Ku kai ta a duba tun da sauran haske. Mijinta ya sani?"

Na ɗauki bokitina na shige gida. Na rubuta kalmar nan, ido, a sama, yanzu ina so in soke ta.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe uku

Anti ta dawo tun kafin a tashi. Masinjan ofis ne ya rako ta har ƙofa.

Ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya, ta faɗa mini kamar labarin wata take bayarwa. Zaren tawadar tafireta ne ya zame daga wurinsa. Ita kuwa ta buga wasiƙa shafi biyu, ta zare, ta haɗa da kilif, ta kai wa Mista Ernest ya sa hannu. Farar takarda ce fat, sai dai sawun haruffa.

Ta ce mutumin ya juya takardar gaba da baya. Daga baya ya tashi ya rufe ƙofa ya ce, "Madam Hilda, tun yaushe?"

Na fashe da kuka. Ta ce, "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ba kuskure ko ɗaya a wasiƙar nan. Na tabbata."

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Baba Timoti ya sani. Ya fito daga ɗaki ya tsaya a gindin darbejiya ya fi rabin awa, yana kallon katanga.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da asuba

Sun tafi Kano ganin likita. Jiya ta sa na zauna muka zaɓi launi kamar masu shirin biki. Na ce ruwan hoda, tunda asibiti ne. Ta ce a'a, ƙulli uku, kuma a yi zabuwa. Ta ce, "Likitan nan zai ga marasa lafiya ɗari a rana. Ina so ya san wadda ke gabansa tana da abin da take son gani."

Na yi ɗigon a hankali. Sun kusa zama girma ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Mista Ernest ya aiko in je in riƙe musu bugu kafin ta dawo. Na je. Kujerarta ta lotsa daidai jikinta. A aljihun tebur na ga tsinken ashana guda uku a fiƙe da ɗan ƙullin auduga.

Wasiƙa huɗu na yi yini ina bugawa. Ita kafin sha biyu take gama goma.

Laraba, 16 ga Afrilu, da azahar

Shiru daga Kano. Na fito da kwalaben na goge su na mayar.

Asabar, 19 ga Afrilu, da la'asar

Sun dawo. Tana sanye da baƙin tabarau, Baba Timoti yana riƙe da jaka da ƙananan kwalaben magani na ɗigawa. Ciwon yana da suna na Turanci, Baba ya faɗa sau biyu ban riƙe ba, ban kuma so in riƙe. Na ji yana gaya wa mijin Adda Jumma ta kan katanga cewa idon hagu an makara, na dama kuwa maganin zai riƙe abin da ya rage, in Allah ya yarda. Abin da ya rage ɗin, wai kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Ita kuwa labarin wata nas ta shigo da shi. Wai nas ɗin ta kama hannunta ta ce a wane shago aka yi mata wannan. "Na ce mata shagon yana Gombe, bayan randa."

Ta tambaye ni ofis. Na ce lafiya. Ta tambaya ko na shafa wa tafireta mai. Na ce e.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Mista Ernest ya kira ni ofishinsa bayan an tashi. Ya yi mini wata magana. Na ce zan yi tunani.

Ba zan rubuta ta ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da la'asar

Na dawo na tarar da abin da ban taɓa zato ba. Baba Timoti zaune a kan turmi, ƙafar Anti a cinyarsa, harshensa a waje, yana shafa mata jan farce. Kore shar! A Kafanchan ya saya, wai mai kanti ya ce shi matan Legas ke yayi. Rabin yatsun duk sun zama kore har fata.

Anti ta ce, "Selina, gaya mini, wane launi mutumin nan yake sa mini? Ya ƙi faɗa."

Baba ya yi mini alama da ido. Na ce, "Mai kyau ne, Anti."

Ta ce, "Ke dai komai mai kyau ne a wurinki."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har yanzu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan sujada

Ba ta je ba yau. Ta ce kanta ke ciwo. Na dawo na same ta zaune da gwangwanin a cinya, a rufe. Wannan ne karo na farko da na ga farcenta ya kankare ba ta damu ba. Na ce in gyara mata, ta ce bari.

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Yau ta kama ni.

Ina tankaɗe ta ce, "Mista Ernest yana jiran amsarki tun makon jiya. Me kike jira?"

Rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce, "Anti, wa ya gaya miki?"

"Wa ya gaya mini? Ni na gaya masa. Tun ranar farar takarda na ce masa ina da yarinya a gida, hannunta bai yi sauri ba tukuna amma tana da kunne, in ban dawo ba ya ba ta kujerar."

Na ce ba zan iya ba. Na ce kujerarta ce, mutane za su ce na zo gidanta na ci abincinta na gaje ta tana raye. Na ce wataƙila maganin ya yi aiki ta koma.

Ta cire tabarau. Tun dawowarsu ban ga fuskarta haka ba. Ta ce, "Selina, dube ni. Ba zan koma ba. Na yi kukana a Kano na gama, ranar Lahadi na ƙarasa ragowar. Shekara goma sha ɗaya na riƙe wurin nan da yatsun nan. Kina so in ji an ba wa wani ƙato da zai riƙa dukan tafiretata kamar yana fasa dutse?"

Na ajiye rariya.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. Ki daina tausaya mini da ƙarya. Kowa zai yi mini ita yanzu, har Timoti da koren fentinsa. E, na sani, Jumma ta gaya mini. Ina bukatar mutum ɗaya a gidan nan da in na tambaye shi yaya abu yake, zai faɗa mini yadda yake. In ba haka ba, duhun ya zama biyu."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ban kuma taɓa son wani mutum kamar yadda na so ta a lokacin nan ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Na ba Mista Ernest amsa. Ran Litinin zan fara a matsayin ma'aikaciya.

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Anti ta sa na fitar mata da kujera bakin baranda, ta miƙa hannu waje.

Lahadi, 4 ga Mayu, da la'asar

Bayan mun ci abinci ta ce, "Kawo gwangwani. Ba za ki shiga ofishina da farce kamar na mai tonon rogo ba."

Na zaci ni zan shafa tana faɗa mini. Sai ta ce in ba ta hannuna. Ta laluba ta ɗauko ruwan hoda, ta mulmula a tafinta. Ta kama yatsana, ta bi gefen farcen da nata farcen, ta zagaya shi sau biyu kamar mai auna fili. Sannan ta sa burushi. Adda Jumma da ta shigo aron rariya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko motsa ba.

Da ta gama goma ta ce ƙara mini za ta yi, ɗigo ɗaya fari a gindin kowane farce, ƙarami, wanda sai mai lura zai gani. Ta fiƙe tsinken da kanta.

Ta saki hannuna ta ce, "Ya yi?"

Na duba. Takwas sun fito sumul, ko ni mai ido ba zan yi kamarsu ba. A manuniyar hagu jan ya hau fata. A ƙaramin yatsan dama ɗigon ya faɗa gefe ya yi jela.

Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Na haɗiye. Na ce, "Takwas sun yi, Anti. Biyu sun ɓaci."

"Waɗanne?"

Na ɗora yatsanta a kansu.

Ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta ce, "Madalla. Miƙo auduga da ruwan gogewa."

Manuniyar ta gyaru a karo na biyu. Ƙaramin yatsan ya ba mu wuya. Sau uku tana yi ina cewa bai yi ba, Adda Jumma tana cewa, "Kai, yarinyar nan, ki bar baiwar Allah ta huta mana!" Anti tana cewa, "Rabu da ita, aikinta take yi." A na huɗu ɗigon ya zauna daram a tsakiya. Na ce ya yi. Ba ta sake tambaya ba, ta rufe kwalbarta.

Litinin, 5 ga Mayu, tsakar rana, a ofis

Wasiƙa bakwai kafin sha biyu. Kuskure biyu, ɗaya a adireshi. Farcen bai kankare ba ko kaɗan.

In na koma gida zan faɗa mata duka, har da na adireshin.